Neman Babbar Makaranta a Kwarin Rima

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe sayar da fom, tambaya guda ce ke yawo a bakin yaran da suka gama sakandare a Wurno da Rabah da Goronyo: wace makaranta ce babba? Wanda aka tambaya yakan amsa da abin da ido ke gani, wato faɗin fili da tsawon gine-gine da yawan ɗalibai. A bisa wannan ma'auni Zariya ta fi Sakkwato, jami'ar tarayya ta fi ta jiha, kwalejin horon malamai kuwa sai wanda makinsa ya gaza. Ni ɗan wannan kwari ne, kuma abin da karatun tarihi ya nuna mini shi ne tambayar ta girmi JAMB, wadda aka kafa a 1978, da kusan ƙarni biyu. Magabatanmu sun yi ta, sun kuma amsa ta da ƙafafunsu. Sai dai abin da suke kira girma daban yake da abin da muke kira girma a yau. Su abu biyu suke dubawa: fannoni nawa ɗalibi zai iya sha a wurin, kuma ko zai iya zama gaban malami har malamin ya san sunansa da inda karatunsa ya tsaya jiya.

Ba mu kaɗai ke da wannan tambaya ba. A Amurka akwai wani nau'in kwaleji da ake kafawa domin ilimi mai faɗi, irin su Williams da aka buɗe a 1793 da Amherst ta 1821, kowace da ɗalibai wajen dubu biyu. Wanda ya shiga ba a tilasta masa zaɓen sana'a a ranar farko. Yakan yi kusan shekara biyu yana ɗanɗana adabi da tarihi da falsafa da lissafi da kimiyya kafin ya tsayar da fannin da zai zurfafa a ciki, kuma farfesa da kansa ke shiga aji ya koyar da 'yan tsirarun ɗalibai. Kukan da ake yi da waɗannan kwalejoji shi ne ƙanƙanta. Da yawansu a ƙananan garuruwa suke, darussan da ake bayarwa ba su kai na jami'a ba, kuma idan malamin wani fanni ya tafi hutun bincike, ƙofar fannin na iya rufewa har ya dawo. Saboda haka wasu ɗaliban sukan nemi manya daga cikinsu, masu ɗalibai dubu uku zuwa sama, kamar Wesleyan da Bucknell, don su sami yalwar babbar makaranta ba tare da sun rasa kusancin ƙarama ba. Tushen wannan tsari yana komawa ga fannoni bakwai da Turai ta dā take karantarwa: nahawu, balaga, manɗiƙi, hisabi, handasa, ilimin taurari da kiɗa. Shida daga cikinsu babu wanda zai zama baƙo ga malamin Sakkwato na ƙarni na 19. Kiɗan ne kawai zai sa ya kau da kai, ko da yake aruli, ilimin ma'aunin waƙa, ya tsaya masa a gurbinsa.

A ƙasar Hausa da makarantar allo ake farawa. Idan yaro ya sauke, sai ya koma zaure ya ɗauki littafi: Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sannan Risala da Askari, har mai rabo ya kai Muhtasar. A nahawu ya bi ta Ajurumiya ya nufi Alfiyya, a lugga ya sha Ishiriniya da Shu'ara da Muƙama, ya saurari Jalalaini da azumi. Yadda ake karatun ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ƙarfin zaure yake. Kowa da littafinsa yake zuwa. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara, ya warware, sauran suna zaune suna ji. Mai Ahalari yana sauraren mai Muhtasar shekaru kafin ya kai can, mai Muhtasar kuma yana maimaita Ahalari ta kunne ko bai yi niyya ba. Malam ya san inda kowa ya kwana, ya san mai gaggawa da mai nauyin fahimta. Amma kowane malami, komai zurfinsa, akwai inda guga ke taɓa ƙasan rijiyarsa. Wanda ya ƙware a fiƙihu ba lalle ya iya hisabi ba. Idan ɗalibi ya kwashe abin da ke wurin, sai ya naɗe buzunsa ya nemi gaba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littafin da ya karanta a gaban kowanne. A ganina wannan littafi shi ne takardar shaidar karatu ta wancan zamani, kuma sunayen mutane ne a cikinta daga farko har ƙarshe.

Wahalar wannan tsari a fili take. Faɗin ilimi yana hannun mai ƙafa da guzuri, wanda hanya ta yi wa kyau. Wurno ita ce wurin da aka rage wannan wahala a kwarinmu, ko da yake ba don karatu aka gina ta ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gaji mahaifinsa a 1817, ya kafa ta wajen 1830 a matsayin ribaɗi, a kan tudun da ke kallon fadamar Rima, domin tare hare-haren Gobirawa da Azbinawa. Kafin nan yakan yi zama a Magariya, kusa da wurin. Amma Bello mutum ne da ba ya tafiya sai da littafi. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya zo wurinsa a 1824 ya sake dawowa a 1826, ya kawo masa kyautar littattafan Larabci a zuwansa na biyu, ciki har da littafin handasa na Iƙlidis, wanda Turawa ke kira Euclid. Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafin littafin, gobara ce ta cinye shi. Ina son mai karatu ya auna wannan: sarki ne da yaƙi ya kewaye ta arewa da yamma, amma asarar da ya tuna ya faɗa wa baƙo ita ce ta littafin lissafin kusurwa da da'ira. Shi ne ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, wanda har yau duk mai binciken tarihin jihadi sai ya bi ta kansa. Ya yi rubutu kan mulki da shari'a da tasawwufi, ya kuma yi kan magani, har da risala kan ciwon ido da wata kan basir. Irin wannan malami shi ake kira mutafannini, kuma inda mutafannini ya zauna da iko a hannunsa, malamai sukan taru.

Sun kuwa taru. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima yana tare da shi. Alhaji Umaru Futi, a hanyarsa ta komowa daga Makka, ya yi shekaru a wurin Bello har ya auri 'yarsa. Bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837, inda hubbarensa yake har yau, ɗansa Aliyu Babba da ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859 ya mai da garin mazauninsa, sarakuna da dama bayansa suka bi sahu. A zamanin Aliyu ne, a 1853, Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya yi makonni a Wurno. Garin bai burge shi ba, ya ga cunkoso da ƙazanta. Abin da ya burge shi mutane ne da littattafai, musamman Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Khadija, mai makaranta a Salame, wanda ya rubuta Raudatul Afkari kan tarihin ƙasar Hausa, ya kuma yi zurfi a falsafa. Daga wurinsa Barth ya ji labarin daular Songhai tun kafin ya isa Tumbuktu.

Abin da na fahimta daga wannan duka shi ne Wurno ta zama babbar makaranta ba tare da ta gina babban aji ko guda ba. Zauruka ne ƙanana masu yawa a cikin ganuwa ɗaya. Tafiyar da a dā take cin wata guda tsakanin malamin nahawu da malamin hisabi ta koma tafiyar tsallake unguwa. Ɗalibi ya sami yalwa, bai kuma rasa kusanci ba, wato daidai abin nan biyu da ɗan Amurka ke nema a yau idan ya ce a nuna masa babba daga cikin ƙananan kwalejoji.

Akwai kuma wani reshe na wannan makaranta da ya fi kowane nisan zango. Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma matar Giɗaɗo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi zama a Wurno, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Matan ƙauye ba su da ikon naɗe buzu su tafi neman malami, don haka ta juya tsarin. Ta naɗa jajoji, dattawan mata amintattu, ta ba kowace malfa alamar izini, su kuma suka riƙa jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koma da waƙoƙin karantarwa a ka, su koyar da waɗanda aure da goyo suka tsare a gida. Bayan rasuwarta 'yar'uwarta Maryam ta riƙe aikin. Idan ana ƙidayar ɗaliban Wurno aka bar waɗannan mata, ƙidayar ba ta cika ba.

Ba zan yi wa Wurno kwalliyar da ba tata ba. Zaure na kowa ne a baki, amma wanda ke da sararin zama shekara ashirin yana karatu shi ne wanda wani ke noma masa, kuma da yawan masu noman nan bayi ne a rumada, waɗanda ba su taɓa jan baƙi ba. Ilimin taurari da na magani daga tsofaffin littattafai ake ɗaukar su, babu wurin gwaji da za a tabbatar ko a ƙaryata. Ƙofar zurfi kuma Larabci ce kaɗai. Lokacin da sojojin Ingila suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, fada ta tsaya a Sakkwato, Wurno ta koma garin hakimi. Malamai ba su ƙare ba, amma abin da ke tara su wuri guda ya tafi.

Daga nan labarin ya koma Rabah, wadda ita ma gidan Bello ce. Ɗansa Abubakar, wanda ake kira Atiku na Rabah, ya yi Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Ɗan Abubakar, Ibrahim, ya yi Sarkin Rabah, shi ne kuma mahaifin Ahmadu, wanda duniya ta sani da Sardaunan Sakkwato. Ahmadu tattaɓa-kunnen Bello ne ke nan. Ya fara da allo a Rabah, aka kai shi makarantar lardi a Sakkwato, daga can a 1926 ya wuce Kwalejin Katsina, tafiyar kwanaki a ƙasa. Ga shi nan ya yi abin da kakanninsa suka yi, ya bar ƙaramar makaranta ya nemi babba. Bambancin shi ne wannan karon ba shi ya zaɓa ba, kuma babu ta biyu da za a gwada da ita. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ita kaɗai ce a Arewa duka.

Kwalejin ƙarama ce ƙwarai, 'yan ɗalibai kaɗan ake ɗauka daga kowane lardi. Ana koyar da Ingilishi da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, ana wasan kurket da wasan ƙwallon bango da Sardauna ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Kusanci kam akwai shi, malamai sun san kowane ɗalibi, ɗalibai kuma sun san juna sanin da ya ɗaure siyasar Arewa shekaru arba'in. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam duk nan suka yi, bayan an mai da ita Kaduna a 1938 kuma Aminu Kano da Shehu Shagari suka bi. Amma an yanka mata iyaka tun daga tushe. Malaman makarantun En'e aka kafa ta ta samar, ba ta ba da digiri, ba ta fitar da likita ko injiniya ko lauya. Ahmadu ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi Sarkin Rabah a 1934, ya zama Sardauna a 1938. Da ya zama Firimiya a 1954 ya tarar da sakamakon wannan iyaka a kan teburinsa: Jiha mafi girma a Nijeriya, amma 'ya'yanta masu digiri ba su taka kara sun karya ba, alhali Kudu tana da Kwalejin Yaba tun 1934 da Kwalejin Jami'a ta Ibadan tun 1948.

Wanda ya ga haka ba za a zarge shi ba idan ya nemi girma na yawa. Bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa jami'a a Zariya, aka buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962 da sunan Ahmadu Bello, shi ne kuma shugabanta na farko, Norman Alexander ɗan New Zealand yana mataimakin shugaba. Yadda aka haɗa ta ya yi kama da Wurno ta wata fuska, domin tara makarantun da ke warwatse aka yi: kwalejin fasaha da kimiyya da ke Samaru, cibiyar binciken noma, makarantar koyon mulki ta Kongo, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano mai koyar da Larabci da addinin Musulunci. Da ɗalibai 426 ta fara. Abin lura ne cewa babbar jami'ar Arewa, a shekararta ta farko, ba ta kai rubu'in Amherst ta yau ba, kuma waɗanda suka yi karatu a wancan lokaci sun sami yalwar fannoni da kusancin malamai gaba ɗaya. Sardauna bai ga abin da ta zama ba, an kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. A yau dubun-dubatar ɗalibai ke cikinta.

Wani abu kuma ya shigo tare da jami'ar wanda ba a cika magana a kansa ba. Tsarin Ingila aka ɗauko, inda ɗalibi ke shiga da sunan fanni guda ya fita da shi. Nnamdi Azikiwe, wanda ya yi karatu a Howard da Lincoln a Amurka, ya bi wata hanyar a Nsukka a 1960, inda aka wajabta wa kowane ɗalibi darussan gama-gari komai fanninsa. Daga baya wannan ya zama doka a jami'o'in ƙasar duka, amma ya zo a ƙanƙance. A jami'ar da na yi, darasin gama-gari a babban ɗakin taro ake yinsa, mu fi ɗari biyar, na baya ba ya jin na gaba, malamin kuma ba zai iya gane ko mutum goma daga cikinmu a hanya ba. Mun haddace, mun ci jarrabawa, mun manta. Tun a farkon shekarun 1970, lokacin da jami'ar Zariya ta ba Waziri Junaidu digirin girmamawa, ya yi wa masu ita nasiha cewa jami'ar tana kama da dashen da saiwarsa ke wata ƙasa, ta yi nesa da al'ummar da ta gina ta. Wazirin jinin Giɗaɗo da Asma'u ne, bai taɓa zama ajin boko a matsayin ɗalibi ba, amma a gabansa Murray Last ya zauna kafin ya rubuta littafinsa kan daular Sakkwato da ya fito a 1967. Ya san abin da yake faɗa.

Yankan ma tun kafin jami'a ake fara shi. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, yaro ɗan shekara goma sha biyar ake tsayarwa a ajin farko na babbar sakandare a ce ya zaɓa: kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci. A garuruwanmu sau da yawa ba zaɓi ba ne ma. Mai ƙoƙari a tura shi kimiyya, saura a tara su a ɗayan ajin, kamar tarihi da adabi wurin ajiye waɗanda suka gaza ne. Wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin a dawo da shi sosai. An yi zuriya guda a Wurno da ke wucewa ta gaban hubbaren Bello kullum ba tare da an taɓa koya musu a aji ko wane ne shi ba.

Mai karatu na iya cewa wannan kukan masu adabi ne, ƙasa mai fama da yunwa likita da injiniya take buƙata. Amsata tana Goronyo. An kammala madatsar ruwan Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan ɗari tara. Da ita ake noman rani na shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa, daga gare ta birnin Sakkwato ke sha. Aikin injiniya ne, kuma babu mai raina shi. Amma tambayoyin da madatsa ke haifarwa sun wuce siminti da ƙarfe. Fadamar wa ruwa zai ci, kuma ta wace hanya ya gaje ta? Ina burtalin da Fulani ke bi tun zamanin Bello zai koma? Me za a ce wa masunta da sarkin ruwansu? Yaushe za a saki ruwa, da wane harshe za a sanar da ƙauyen da ke ƙasa, ta bakin wa za su yarda? Rima kanta daga Gagare da Bunsuru da gulbin Maraɗi take samun ruwa, na ƙarshen kuwa sai ya ratsa Jamhuriyar Nijar, don haka har yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta shigo ciki. Mun ga abin da ke faruwa idan aka amsa tambayar siminti aka bar sauran. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, rikicin diyyar gonaki ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a Afrilun 1980, aka rasa rayuka masu yawa. A Satumban 2010 kuma ambaliya ta shafe ƙauyuka da gonaki a Goronyo da ƙananan hukumomin da ke ƙasa da ita. Wanda zai riƙe irin wannan aiki yana buƙatar lissafin ruwa, da fiƙihun gado, da tarihin wanda ya sari wace gona, da iya magana a gaban dattawa. Fom ɗin JAMB gurbin fanni guda gare shi.

To, ina ɗan Goronyo ko 'yar Rabah za su dosa a yau? Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 ta fara karatu a 1977 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, aka kuma sa mata sunan Usmanu Danfodiyo a 1988, ita ce mafi kusa daga cikin manya. Akwai jami'ar jiha da aka kafa a 2009, da Kwalejin Shehu Shagari da ta faro a 1970, sai Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya ga mai ƙarfin tafiya. Masu bin tsarin Amurka na ilimi mai faɗi akwai su, kamar jami'ar da Atiku Abubakar ya kafa a Yola a 2004, da Ashesi ta Ghana da aka buɗe a 2002, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin mai noman albasa nesa ba kusa ba. Ga kuma rashin tsaro da ya sake mai da hanya abin tsoro kamar zamanin ribaɗi. Wanda ya san abin da ya faru a yankin Gandi a 2018 da kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ba zai yi mamaki ba idan uba ya ce 'yarsa ba za ta wuce Sakkwato ba. Ga mafi yawanmu, ke nan, zaɓin bai fi makaranta biyu ko uku ba, dukkansu kuma manya ne ta fuskar yawa.

Saboda haka idan ƙanne suka tambaye ni wace ce babba, nakan mai da musu tambayoyin da ɗalibin zaure zai yi. A sashen da kake so, mutum nawa ke zama aji guda a shekara ta uku? Manyan malaman da sunansu ke cikin takarda, suna shiga aji kuwa? Idan kana karatun noma, za a bar ka ka zauna darasin tarihi ko na Larabci, ko jadawali ya toshe hanyar? Ɗakin karatu yana buɗe da dare? Sau da yawa amsar takan nuna cewa ƙaramin sashe a cikin babbar jami'a, irin sassan harsuna da tarihi da ake gudu, shi ne wurin da zaure ya ɓuya, inda malami ke riƙe da sunan ɗalibinsa har ya kira shi ofis ya miƙa masa littafi.

Rubuce-rubucen Bello suna nan a ajiye, wasu a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wasu a Gidan Arewa a Kaduna, wasu a hannun zuriya. Risalarsa kan ciwon ido tana buƙatar mai karatu da ya iya Larabcin ƙarni na 19 ya kuma san ƙirar ido, domin ya rarrabe abin da Bello ya ɗauko daga littattafan magabata da abin da ya gani a idon mutanen Rima. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da masu ilimin biyu. Ɗaliban likitanci suna asibitin koyarwa a cikin gari, ɗaliban Larabci suna mazaunin dindindin a hayin gulbi, wajen Dundaye. Hanyar da ta haɗa su ita ce wadda ambaliyar 2010 ta yanke, har aka rufe jami'ar na wani lokaci. An gyara hanyar tuni, motoci na kai da kawowa, amma a manhajar da ake bi a ƙasar nan babu darasi guda da zai zaunar da waɗannan ɗalibai biyu a gaban takarda ɗaya.